Kada Sana'a Ta Mutu Tare da Mai Ita: Jawabi Kan Horar da Ma'aikata da Bunƙasa Ƙananan Masana'antunmu



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ɗora mini nauyin yin magana a kan hanyoyin da ƙananan masana'antun yankinmu za su bunƙasa. Aikin da na sani shi ne koyarwa, saboda haka ta wannan ƙofa zan shigo wa maganar. In na ce masana'anta, kada hankalinmu ya tafi ga manyan gine-gine masu hayaƙi kaɗai. Mai casar shinkafa, da mai matsar man gyaɗa, da baduku, da majemi, da maƙeri, da mai walda, da mai buga bulo, da matar da ke haɗa sabulu a cikin gidanta, duk masu masana'anta ne, domin kowannensu yana ɗaukar ɗanyen kaya ya juya shi ya zama abin sayarwa mai daraja.

Ya kamata mu fara tunawa da cewa sarrafa kaya gadonmu ne. A shekarar 1851 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka a Kano, ya kuma rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da majemanmu suka jeme da bagaruwa ta ratsa Sahara ta shiga Turai, inda aka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can ta bi. Da zamani ya juya, gwamnatin Sardauna ta haɗa gwiwa da wani kamfanin Ingila aka kafa masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, Kakuri ta cika da ma'aikata, a Kano kuma Bompai da Sharaɗa da Challawa suka zama unguwannin masana'antu.

Sauran labarin mun san shi. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta yi ƙaranci, noman auduga ya ja baya, atamfofin waje masu araha suka cika Kantin Kwari. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Waɗannan dalilai sun fi ƙarfin ƙungiya irin tamu. Amma akwai wata cuta da ke kashe ƙananan masana'antu wadda maganinta ke hannunmu, ita ce kuwa nake so mu tsaya a kanta.

Kowa a nan zai iya lissafa sana'o'in da suka yi tashe a garin nan, suka kuma shiga kabari rana ɗaya da masu su. Injin yana nan ya yi tsatsa, shagon yana nan an raba gado an mayar da shi ɗakin haya. Me ya jawo haka? Ilimin sana'ar kaf yana cikin kan mutum ɗaya. Shi ya san inda ake sarin kaya, shi ya san ma'aunin haɗi, shi ya san wanda ake bi bashi da wanda ke bin sa. Ranar da ya kwanta, komai ya kwanta. Masana'antar da ba za ta iya yin mako guda tana aiki ba in maigida ya yi tafiya, ba ta kai matsayin da za a yi maganar faɗaɗa ta ba tukuna.

Maganin farko shi ne horar da yaran shago bisa tsari. A makaranta ba ma sakin yaro a aji mu ce ya kalli malami har ya iya. Akwai manhaja, akwai abin da za a koya a kowane zango, akwai jarrabawa, akwai ranar gamawa. Amma a yawancin shagunanmu yaro zai shekara bakwai yana share fili da sayo abinci, ubangidansa na ɓoye masa asirin aikin don tsoron kada gobe ya zama kishiyarsa. Sakamakon shi ne yaro ya gaji ya gudu da rabin ilimi, ya buɗe nasa wurin, ya yi aiki maras kyau, ya karya farashi, sunan sana'ar garin gaba ɗaya ya ɓaci. Ina ba iyayen gida shawara su zauna da mahaifin yaro tun ranar farko a rubuta yarjejeniya: shekara nawa zai yi, me zai iya a ƙarshen kowace shekara, me za a ba shi ranar yaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gani ya kori ji, mu dubi 'yan'uwanmu na Nnewi a Jihar Anambra. Asalinsu 'yan kasuwar kayan gyaran motoci ne. Al'adarsu ita ce yaro ya yi wa ubangidansa hidima na wasu shekaru sanannu, sannan a sallame shi da jari. A shekarun 1980, da shigo da kaya ya yi wuya, wasunsu suka sayo injuna daga Taiwan, suka kawo masu koya musu aiki da su, suka fara ƙera abin da a da suke sarowa. A wannan gari ne aka buɗe masana'antar haɗa motoci ta Innoson a 2010. Su ma da janareto suka yi ta fama. Abin da suka riƙe shi ne kowane ubangida ya yaye wasu iyayen gidan.

Shi kansa maigida yana buƙatar ƙarin ilimi, domin in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Akwai wuraren da aka kafa saboda wannan. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, an kafa shi tun 1971, hedikwatarsa na Jos. Hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i ta zo a 2003. Majema da dukawa suna da cibiyar binciken fata da ke Samaru, Zariya. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin gwada ƙwarewar mai sana'ar hannu a ba shi takardar shaida ko da bai yi dogon karatun boko ba, kuma masu ƙere-ƙere na kasuwar Panteka a Kaduna sun shiga wannan tsari tare da Kwalejin Fasaha ta Kaduna. Mai walda da ke da irin wannan takarda yana da abin nunawa ranar da aka zo neman ƙwararru.

Magani na biyu shi ne littafi. Jama'a, ciniki daban, riba daban. Da yawa daga cikinmu aljihu ɗaya ne ke karɓar kuɗin ciniki, shi ne kuma ke biyan cefane da gudummawar biki da kuɗin asibiti. A haka ake cinye uwar kuɗi ana zaton riba ake ci. Littafi mai bangon kwali ya wadatar: shafi ɗaya na abin da ya shigo, ɗaya na abin da ya fita, ɗaya na bashi. Maigida ya yanka wa kansa albashi kamar kowane ma'aikaci, kada ya wuce shi. Sannan a riƙa ware wani abu kullum saboda tsufan inji, domin injin da ke aiki yau yana cin ransa ne a hankali, kuma ranar da zai tsaya ba zai yi sallama ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta ƙara faɗuwa, wanda bai san abin da buhu ɗaya ko takalmi ɗaya ya ci masa ba yana iya sayarwa a kan asara yana murna. Haka kuma Bankin Masana'antu, da aka kafa a 2001, da sauran masu ba da rance, abin da za su fara tambaya shi ne rajistar sana'a da bayanan ciniki. Ga 'ya'yanmu mata da maza da suka gama sakandare suna zaune. A koya musu riƙe wannan littafi, sana'ar ta samu akawu, ta kuma samu magaji.

Na uku, inganci ya zama iri ɗaya kullum. Mai sari yana dawowa ne in ya tabbata kayan yau daidai suke da na watan jiya. Wannan ba ya samuwa da ƙiyasin ido da tafin hannu. A sayi sikeli, a rubuta ma'aunin haɗi a manna a bango, a tsince tsakuwa daga shinkafa, a tace mai, a yi mazubi mai tsabta ɗauke da suna da adireshi. Mai sarrafa abin ci ko abin sha ko sabulu ya nemi lambar NAFDAC, domin manyan kantuna kan juya wa kayan da ba su da ita baya.

Na huɗu, kafin a ƙara inji a tabbatar da ɗanyen kaya da mai saye. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa a Jihar Kano ta fara aiki a 2016, ba da jimawa ba ta dakata saboda tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a wannan shekara. In rashin ɗanyen kaya zai tsayar da mai irin wannan ƙarfi, ina ga mai inji ɗaya? Mai casa ya ƙulla amana da manoman da ke kewaye da shi tun kafin shuka, mai man gyaɗa ya samo wa tunkuzarsa masu kiwo, a ci riba biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai girma Shugaba, zan rufe da roƙo uku ga ƙungiyarmu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na farko, a kafa ƙaramin kwamiti ya ƙidaya masu sarrafa kaya a garin nan unguwa-unguwa, da irin sana'arsu da yawan yaransu, ya kawo rahoto kafin taron baɗi. Na biyu, a kowane hutun makaranta a buɗe aji ɗaya na firamare, 'ya'yan garin nan da suka yi aikin banki da akanta da injiniya su koyar da riƙe littafi da kula da injuna kyauta. Mu tsofaffin malamai a shirye muke mu tsara darussan. Na uku, a taimaka wa masu sana'a iri ɗaya su yi rajistar ƙungiyar gama kai, su riƙa sarin kaya tare, su haɗa kuɗi su sayi abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, kamar injin tsince tsakuwa ko wutar sola.

Ina kuma ba da shawara cewa daga baɗi, in za a raba lambobin yabo a wannan dandali, a ware ɗaya ga ubangidan da ya yaye yara mafi yawa a shekarar, waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu.