Jawabin mushen lakwal a taron ƙungiya: renon gawo daga iri a garka

 

Ƙungiya ta ce in yi magana bisa renon itatuwa a garka. Na zaɓi gawo, don babu manomin da bai san hatsin gindin gawo ya fi na fili ba. Gawo yana kaɗe ganye da damana, ya bar wa shuka rana; da rani ya yi ganye, bisashe su sha inuwa, su ci ƴaƴansa, su bar taki.

Bayan farin 1973 da na 1984 gonaki da yawa sun zama ƙwal, iska tana rufe shuka da rairayi. Abin da ya taimake mu shi ne sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a jihar Maraɗi a 1983, mutanen Ɗan Saga ta Agiye kuma suka yi suna a kansa. Amma sassabin zamani sai inda kututture ya yi saura a ƙasa. Gonar da ba ta da kututture ko ɗaya, daga Gazawa har Gidan Rumji, ba ta da wata hanya sai iri.

To, mutane da yawa sun shuka ƙwayar gawo, sun yi ta ban ruwa, shiru, sai suka ce irin ya mutu. Bai mutu ba, barci yake yi. Ɓawonsa yana da tauri, ruwa ba ya ratsa shi da sauri. Ko a Turai akwai furannin da irinsu ba ya tsira sai sanyin hunturu ya bi ta kansa. Kowane iri da abin da ke tashe shi. Ga yadda za mu yi da namu.

Na ɗaya, tara iri. Ƴaƴan gawo suna nuna da rani. Ku zaɓi babban icce mai lafiya, ku tsinto busassu kafin awaki su riga ku. A daka su sannu a turmi, a sheƙe. A zuba ƙwayar cikin ruwa: wadda ta taso sama ƙwaro ya cinye cikinta, a zubar. Sauran a shanya, a gauraya da toka, a rufe cikin gwangwani.

Na biyu, tashin iri. In ƙwayar kaɗan ce, a goga gefenta bisa dutse har a ga fari-fari, kar a kai ga cikin. In tana da yawa, a tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba ta ciki, ta kwana. Kar a dafa ta bisa wuta. Da safe za ku ga ta kumbura. A shuka ta ran nan, kar a ajiye.

Na uku, shuka. A haɗa rairayi mudu 2 da ruɓaɓɓen taki mudu 1, a cika leda doguwa, a huda gindinta. Ƙwaya 2 cikin kowace leda, zurfin gaɓar yatsa. Ban ruwa safe da marece. Cikin sati ɗaya zuwa biyu za ta tsiro. In duka biyun sun fito, a bar mai ƙarfi.

Na huɗu, kula da saiwa. Gawo ya fi gudu ƙasa bisa ga sama. In kuka bar leda wuri guda, saiwar za ta huda ta shige ƙasa, ranar ɗauka ta tsinke. Duk sati biyu a ɗaga ledar a canza mata wuri.

Na biyar, lokaci. Shuka cikin watan Afrilu, dashe a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, sa'ad da ƙasa ta sha ruwa. Tun 1975 ake dasa itatuwa a ƙasarmu ranar 3 ga Agusta. Wanda ya shuka a kan kari zai je da nasa. A yanke ledar a cire kafin a binne. In an bar mita 10 tsakanin icce da icce, hekta ɗaya tana ɗaukar 100.

Kar ku yi wa kowane iri wannan aiki. Zogale ba ya bukatar ruwan zafi. Bedi kuwa a shuka shi da ɗanyensa, don irinsa ba ya jimre ajiya.

Saura babban aiki, wato tsaro. Ɗan gawon da ba a kewaye da ƙaya ba, abincin akuya ne tun ranin farko. Shekarunsa na fari ba ya saurin tashi, kar ku ce ya ƙi; saiwa yake yi. Sannu ba ta hana zuwa.

Ina roƙon ƙungiya ta ba mu wuri kusa da rijiya, a yi masa darni. Ƴan lakwal za su ɗauki ban ruwan safe, samari na marece. Kowane gida ya kawo gwangwanin iri ɗaya kafin ƙarshen Maris.

Allah ya ba mu damana mai albarka.