Tuba Kafin Canji: Ikkilisiya a Lokacin Zaɓe

 Lokaci kaɗan aka ba ni, bari in shiga magana kai tsaye.

Kowa a wannan zaure yana son canji. Mun ji kalmar a 2015, mun sake jin ta da wata murya a 2023, kuma za mu ji ta a zaɓe mai zuwa. Tsadar rayuwa da ƙauyukan da aka tasa a Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai ba sai na faɗa muku ba, wasunku daga can kuka zo. Abin da na daɗe ina jayayya da abokan aikina a kansa shi ne wannan: mun mai da tuba aikin 'yan siyasa, mun cire kanmu daga ciki.

Da zarar an kaɗa gangar siyasa, ayar da ake ɗauka ita ce 2 Tarihi 7:14. A yi taron addu'ar dare, a yi azumin kwana uku, a karanta ta da ƙarfi. To, da wa ayar take magana? Da mutanen da ake kira da sunan Allah. Su aka ce su ƙasƙantar da kansu, su bar mugayen hanyoyinsu, sa'an nan warkar da ƙasa ta biyo baya. Ba a ambaci jam'iyyar da ba mu so ba. Amma ku saurari wa'azinmu a watannin kamfe, za ku ji zunubin gwamna da na sanata, da ƙyar za ku ji na mai zaune a kan benci.

Bari in ba ku lissafin da ba na gajiya da maimaitawa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kusan kashi 69 cikin 100 na masu rajista suka fita. A 2011 aka sauko wajen kashi 54, a 2015 wajen 44, a 2019 wajen 35. A ranar 25 ga Fabrairu, 2023, mutum fiye da miliyan 93 ke cikin rajistar hukumar INEC, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce miliyan 25 ba, wato kashi 27. Tun komawa mulkin farar hula a 1999 ba a taɓa yin ƙasa haka ba. Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.8, Atiku Abubakar ya sami kusan miliyan 7, Peter Obi miliyan 6.1. Ku haɗa na ukun nan, ba su kai sulusin waɗanda suka zauna a gida ba. Kuma wannan Asabar ɗin ta zo ne kwana uku kacal bayan Larabar Toka, farkon azumin kwana arba'in, lokacin da majami'u suka cika maƙil da masu neman gafara. Ban ce Kirista kaɗai suka ƙi fita ba. Amma duk fasto ya san yawan mutanensa na ranar Lahadi, ya kuma ga layin rumfar zaɓen unguwarsa ranar Asabar. Ya auna da kansa.

Za a ce mini ƙarancin takardun naira ne a lokacin, ko tsoron 'yan daba, ko kuma an san za a yi maguɗi. Na ji. Amma saukar ta fara ne shekaru da dama kafin a sauya fasalin naira, kuma maguɗi ya fi sauƙi a rumfar da babu kowa.

Waɗanda suka fita fa? Mun ga abin da ake yi a bayan makarantar firamare: mace ta fito daga dangwala ƙuri'a, ta ɗan karkata takardar yadda wakilin jam'iyya zai hango, ta zagaya a miƙa mata taliya da sabulu ko turmin atamfa. Ba ita nake tuhuma ba, yunwa ba ta da kara. Ta koya ne daga sama. Ta ga ɗan takara ya zo sujadar godiya, an tashi dattawan ikkilisiya daga kujerar gaba an ba shi, an miƙa masa makirufo a kan bagade, ya yi alkawarin rufin kwano, ya bar ambulan a ofishin fasto. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana yin kamfe a wuraren ibada, mu kuwa mun sa masa suna gaisuwa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Tuban da Littafi Mai Tsarki ya sani yana da abin nunawa. Da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, a Luka sura 3, bai aike su taron addu'a ba. Ya hana su karɓar fiye da ƙa'ida, ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Zakka na Yariko, a sura 19, da kansa ya ɗauki alkawarin mayar da abin da ya zalunta ninki huɗu. A cikin ikkilisiyoyinmu akwai malaman zaɓe, da 'yan sanda, da alƙalai, da malaman jami'a masu tattara sakamako. Wannan wa'azin nasu ne, kuma ba ma yi musu shi.

Masu annabcin wanda zai ci zaɓe kuwa, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Sakamako ya riga ya ba su amsa.

Roƙona ga shugabannin ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da sauran ɗariku, da ƙungiyar CAN a kowace jiha: a rubuta doka cewa daga ranar da aka buɗe kamfe ba ɗan takarar da zai yi magana a bagade, ko ɗan ikkilisiya ne. Duk kuɗin da ɗan siyasa ya kawo a sanar da shi a gaban jama'a ranar Lahadi, da adadinsa, ko a mayar masa. Dattijon da aka tabbatar ya raba kuɗin ƙuri'a a sa shi ƙarƙashin horo kamar kowane mai laifi a fili. Iyayenmu fastoci, ikon yin wannan yana hannunku, ba ya bukatar izinin Abuja. Ku fara kafin a manna fosta ta farko.