Girgizar Ƙasa da Zaɓen Mazauni Bayan Ritaya

Ma'aikacin da ya kusa ajiye aiki yakan duba arahar gida da kusancin asibiti da daɗin iska kafin ya zaɓi inda zai ƙarasa kwanakinsa. Ba safai yakan tambayi halin ƙasar da gidan ke kanta ba.

Alal misali, a ɗauki Agadir, garin bakin teku a Maroko, inda tsofaffin ma'aikatan Faransa ke tururuwa saboda ɗumin hunturunsa. Daren 29 ga Fabrairu 1960, cikin watan azumi, ƙasa ta girgiza a can na daƙiƙa 15 ko kusa da haka. Ƙarfin girgizar bai kai maki 6 ba, watau matsakaiciya ce, amma tushenta ba shi da zurfi, ga shi kuma dab da garin. Mutane wajen 12,000 suka rasu, kusan sulusin mazauna, galibi gine-gine ne suka danne su. Daga baya aka sake gina garin kudu kaɗan da tsohon wurin, bisa dokar gini mai jure girgiza.

A 2023 kuwa, wadda ta auku a duwatsun Atlas ta kashe kusan 3,000, mafi yawansu a ƙauyuka masu ginin ƙasa da dutse.

Lalle wannan magana ta fi shafar dattijo, domin ƙafarsa ta yi nauyi ga gudu, garatuti kuma sau ɗaya ake biya. Saboda haka, kafin mai saye ya ba da kuɗi, ya kamata ya san shekarar da aka yi ginin, ya kuma kawo injiniya ya duba ko ginshiƙansa na da ƙarfe.