Naman kaza, rana da ƙafafun 'ya'yanmu



Hajiya shugaba, iyayena mata, yayye da ƙanne, da iyayen gidanmu da suka baro gona suka zauna can baya, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana. Takardar nan da hannuna na rubuta ta, albarkacin ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in na yi tuntuɓe a karatu ku yi mini uzuri.

Bara jikata ta fara tafiya, sai muka ga ƙafafunta sun lanƙwashe kamar baka. Wasu suka ce gado ne, wasu suka ce an tsayar da ita da wuri. Da muka kai ta asibiti a Kano, likita ya ce ƙashinta ne bai yi ƙwari ba. Ya ce ƙashi abu biyu yake so: sinadarin kalsiyam, sai bitamin D wanda ke taimaka wa ciki ya tsotsi kalsiyam ɗin daga abinci. Shi kuma bitamin D, fatar mutum ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta. Wallahi sai da na yi dariya, na ce likita, a Madobi za a rasa rana? Sai ya tambaye ni sau nawa uwar yarinyar ke zama tsakar gida rana ta taɓa hannuwanta. Na yi shiru. Tun da ta haihu tana ɗaki, in za ta fita ta rufe ruf, yarinya kuma tana goye cikin mayafi.

Abincin da ke ɗauke da wannan bitamin kaɗan ne: kifi mai maiƙo irin sardin, gwaiduwar ƙwai, hanta. Ni da nake kasuwa na san gida nawa ne ke iya sayensu kullum. To, a nan naman kaza ya shigo. Yana da wani sinadari a jikinsa wanda hasken rana ke mayarwa bitamin D, kusan yadda fatarmu ke yi. A Amurka wasu masu nomansa fitila ta musamman suke haska masa kafin su kai shi kanti, mai irin hasken nan na cikin rana da ido ba ya gani. Mu ba mu bukatar fitila. Yadda muke shanya kauɗa da kuɓewa, haka ake yi masa: a yanka shi fale-fale, a baza a faifai, a bar shi a ranar tsaka kamar rabin awa zuwa awa guda. Amma a fili, ba bayan gilashin taga ba, don gilashi yana tare wannan hasken. Ko an busar da shi an zuba a miya, amfanin ba ya tafiya duka.

Kada wata ta koma gida ta ce na ce naman kaza maganin ƙafar baka ne. A 1999 likitoci suka fitar da binciken da suka yi a Jos, suka nuna yawancin yaran da ke da wannan ciwo a can kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci. Saboda haka nono, madara, miyar kuka da ƙananan kifi da ƙashinsu suna nan a matsayinsu, asibiti ma haka. Sannan don Allah, laimar kwaɗin da ke fitowa a juji da damina ba ita nake nufi ba. Akwai mai kisa a cikinsu, rana ba ta cire dafin, tafasa ma ba ta cirewa.

Wanda nake nufi nomawa ake yi a ɗaki, cikin leda, a kan karan shinkafar da aka dafa ya huce. Tun da ruwan Tiga ya iso yankin nan, daga Kura har Bunkure karan shinkafa ba abin nema ba ne.

Wasu sun ce mu zuba kuɗin asusu duka a wannan sana'a. Ni ban yarda ba. Abu ne mai son sanyi da laima, zafin bazara kashe shi yake yi, iskar hunturu kuma ta busar da shi. Ga shi mutanenmu ba su saba ci ba; in na ajiye shi kusa da tattasai yau, kallo kawai za a yi a wuce. Shawarata, Hajiya, a tura mata biyu su koyo, a sayi iri wurin waɗanda suka san shi, a gwada leda ashirin da damina, mu fara ci a gidajenmu kafin mu nemi masu saye a Kano. Ɗakin bayan gidana babu kowa a ciki, na ba da shi.

Jikar tawa tana nan tana shan magani, da safe kuma ni nake fito da ita da uwarta tsakar gida.