Babur da Santsin Damina a Hanyoyin Kwoi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kwoi zuwa Kafanchan a watan Agusta, sa'ad da ruwa ke kwana yana zuba, jar ƙasar gonakin citta kuma ta malalo bisa kwalta, ya san cewa babur, duk da alfanun da yake yi wa talaka, ba ya yafe wa mai gaggawa. Haƙiƙa ruwan farko ma ya fi na tsakiyar damina sharri, domin shi ne ke tayar da ƙura da man da suka kwanta a titi tun rani, ya mai da su tamkar sabulu.

Saboda haka wajibi ne ɗan acaɓa, wanda aka ɗora wa amanar rai, ya rage giya tun kafin gangara, ya taka birkin baya sannu a hankali, kada ya damƙe na gaba farat ɗaya alhali yana cikin kwana, balle in ya ɗauko buhun taki, tayarsa kuma ta suɗe. Hular kwano kuwa, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta wajabta tun 2009, fasinja ma yana da haƙƙin a ba shi tasa.