Masarar Tamale da farin 2024: abin da ɗan kasuwa da makiyayi za su lura da shi

 Yau maganar masara za mu yi.

A nan Tamale damina ɗaya gare mu, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ba kamar kudancin Ghana ba inda ake shuka sau biyu a shekara. Ruwan da ke sauka ya kan kai milimita 1,000 ko ya ɗan ɗara, kuma wannan ya ishi masara. To amma ita masara ba jimillar shekara take dubawa ba, lokacin da ruwan ya zo shi ne abin dubawa.

Ku tuna daminar 2024. An yi shuka, an zuba taki, sai sama ta ɗauke daga cikin Yuli har cikin Agusta, makonni a jere. A gonaki da yawa farin ya riski masara daidai lokacin da take fitar da kai da gemu, wato kamar mako bakwai zuwa tara bayan shuka. Nan ne fa wurin. Kowane silin gemun nan da kuke gani ƙwaya ɗaya yake wakilta, kuma sai bununin da ke zubowa daga kan masarar ya faɗa masa kafin ƙwayar ta ɗauka. Idan ƙasa ta bushe, gemu yakan makara, bununi kuwa ya riga ya zube ko zafi ya kashe shi. Daga baya ko ruwa ya dawo kamar da bakin ƙwarya, kara zai yi kore shar, ka ɓare goyo ka tarar da totuwa da 'yan ƙwayoyi jefi-jefi. Ƙaramar masara da ta naɗe ganye da rana tana iya farfaɗowa. Wadda fari ya kama a bakin gemu, sai dai haƙuri. Dawa da gero sun fi ta juriya, shi ya sa tsofaffi ba su yarda su bar su gaba ɗaya ba, kuma ni dai ina ganin gaskiyarsu.

Gwamnati ta ce yankuna takwas abin ya shafa, ciki har da Northern, Savannah, North East, Upper East da Upper West. Ranar 26 ga Agusta 2024 ministan noma na lokacin, Bryan Acheampong, ya sanar da hana fitar da masara, shinkafa da waken soya daga ƙasar. Ministan kuɗi na lokacin, Mohammed Amin Adam, ya yi maganar sidi biliyan 8 na agaji.

Alhazan hatsi, kun fi ni sanin abin da wannan ke nufi. Wanda ya sayi buhuna a kasuwar Aboabo da niyyar Burkina ko Nijar, dare ɗaya hanya ta rufe masa, kuɗinsa na kwance a sito. Abin lura shi ne, dokar ba ta jira girbi ba. Tun masara na gona aka yanke hukunci. Don haka duk mai niyyar zuba jari a hatsin ƙetare, ya riƙa tambayar manoman Savelugu da Tolon yadda gemu ya fito a ƙarshen Yuli, kafin ya tambayi farashin kwano.

Ku kuma 'yan'uwa makiyaya, ga naku. Idan shukar farko ta ƙone, manomi yakan sake shuka a makare, girbi ya ja baya. Gonar da kuka saba samu a buɗe lokacin da kuke gangarowa, sai ku tarar da amfani bai tashi ba. Yawancin rigimar da ake kaiwa gaban sarki daga irin wannan saɓanin lokaci take farawa. A tura yaro ko a buga waya a tambaya kafin a kora shanu. Sannan dusa tana bin farashin masara, karmami ma yakan yi ƙaranci, har manomin da a da yake barin kara kyauta ya fara tarawa don nasa dabbobin.

Akwai abin da ake iya yi tun kafin shuka. Cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala, nan kusa da mu, tana da irin masara masu jure fari kamar Wang-dataa da Sanzal-sima. Wang-dataa tana nuna a kimanin kwana 90, alhali tsohuwar Obatanpa sai ta haura 100. Kwana goma sha wani abu ba wasa ba ne a shekarar da ruwa ke yanke wa mutum. Sai dai kada a ɗauka irin zai yi tsafi. Ko shi, in ya yi makonni ba ɗigo a bakin gemu, zai ji jiki. Wasu manoman kan raba shukarsu kashi biyu da tazarar kwanaki, don kada gona duka ta fitar da gemu a mako guda.

Hukumar kula da yanayi ta Ghana takan fitar da hasashen damina kowace shekara, har da tsawon kwanakin da ake tsammanin ruwa zai ɗauke. Da zarar na bana ya iso hannunmu za mu karanta muku shi da Hausa da Fulfulde. Kafin nan, wanda ya sake shuka a 2024, ya kira mu ya faɗa mana a wane wata ya girbe.