Amsoshin Takardunku: Majigin Sarauniya, Tarihi Ne Ko Ƙage?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga Geza, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, daga wani manomi wanda kan taɓa fataucin albasa zuwa Malanbil ta Jamhuriyar Benin idan an kare aikin gona. Ya ce sun kalli wani majigi mai suna Sarauniya a wayar abokin cinikinsa, abokin yana fassara musu, sai gardama ta kaure. Wasu suka ce tarihi ne tsantsa, wasu suka ce ƙage ne na 'yan wasa. Shi ne yake tambaya, shin me masana suka ce a kan majigin, kuma wa ke da gaskiya?

To Malam, mun gode da takardarka. Kowane ɓangare a cikinku ya riƙe rabin gaskiya, amma bari mu bi abin daki-daki.

A ranar 14 ga watan Yuni na 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu kan wata yarjejeniya a birnin Paris, suka raba ƙasashenmu a takarda. Ita ce ta bar Illo a hannun Ingila, wato tushen wannan iyaka da kuke ƙetarewa ke nan. Daga nan sai Faransa ta tura ayarin soja ƙarƙashin wasu kyaftin biyu, Voulet da Chanoine, su bi ta arewa su kai Tafkin Chadi. A farkon 1899 ayarin ya nausa gabas daga bakin kogin Kwara, yana ƙona garuruwa, yana kwashe hatsi da dabbobi, yana kama mata da 'yan dako. Ranar 16 ga Afrilu suka isa Lugu, a ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutsi, inda mutanen Sarauniya Mangu, Azna masu bin addinin gargajiya, suka tare su da kwari da baka. Turawa suka ci garin, mutanen suka janye cikin kurmi. A watan Mayu aka yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Da labari ya kai Paris aka aiko Kanar Klobb ya karɓe ayarin, sai Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka kashe kyaftin ɗin duka biyu a wajen Maijirgi. Duk wannan yana rubuce, babu mai musu.

Shekara 81 bayan haka, wato 1980, wani marubucin Nijar, Abdoulaye Mamani, ya buga littafi da Faransanci a kan wannan Sarauniya. Mamani ɗan jam'iyyar Sawaba ne ta Djibo Bakary, ya yi gudun hijira, ya kuma sha ɗauri, saboda haka ba da sanyin rai ya yi rubutun ba. Shi wannan littafi ne Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mayar majigi a 1986. An so a ɗauka a Nijar, zamanin Seyni Kountche, abin bai yiwu ba, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta buɗe musu ƙofa. Wata 'yar can ƙasar mai suna Ai Keita ce ta fito a matsayin Sarauniya.

Yanzu sai maganar yadda aka karɓe shi. A Afirka dai ya sha yabo. A bikin majigin Afirka da ake kira FESPACO, wanda aka yi a Wagadugu a 1987, shi ya ɗauki babbar kyauta. Abin da masu sharhi suka yaba shi ne, an daɗe ana nuna baƙar fata a majigin Turawa yana ɗauke da kayan Bature a ka, ba ya magana sai an tambaye shi. A nan kuwa sai ga baƙar fata da garinsa da shawararsa, Bature kuma shi ne baƙon da ya zo da ɓarna. Sun kuma yaba da cewa majigin bai ɓoye abu mai ɗaci ba, wato yawancin hannuwan da suka riƙe bindigogin nan hannuwan 'yan Afirka ne da aka ɗauka soja.

A Faransa kuwa labari ya sha bamban. Gidajen sinima ƙalilan ne suka nuna shi, ba a daɗe ba aka janye shi, har wasu masu shirya majigi suka yi koke a kan haka. Med Hondo ya ɗauki abin a matsayin danniya. Ka san dai laifi tudu ne.

Sai kuma masu suka, waɗanda su ma suna da hujja. Na farko, masana da suka bi takardun sojan Faransa, suka kuma je Lugu suka zauna da dattawa, irin su Elara Bertho, sun nuna cewa abin da aka rubuta kan Sarauniya a lokacin bai taka kara ya karya ba. A bakin mutanen Lugu kuma, an fi saninta da riƙon al'ada da asirin tsare gari. Jarumar nan mai horon yaƙi tun tana ƙarama, yawancinta kwalliyar marubuci ce. Sarauniya ma sarauta ce da ake gāda a Lugu, ba sunan mace guda ba. Na biyu, tunda a Burkina aka ɗauka, sai ka ji Sarauniyar Arewa tana magana da harshen da ba Hausa ba, alhali kuwa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Na uku, labarin ya nuna sarakunan Musulmi na wajen Sakkwato a matsayin abokan gabanta. Wanda ya tsaya nan kaɗai zai manta cewa a 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi yana yaƙar Turawan Ingila.

To Malam, ga yadda za ka raba musu gardama. Ƙone-ƙone da kashe-kashen da kuka gani gaskiya ne. Tsayuwar mutanen Lugu gaskiya ce. Amma maganganun da aka sa a bakin Sarauniya da yadda aka shirya faɗan, wannan aikin mai ba da labari ne, kamar yadda maroƙi kan ƙara wa gwani tsawo. Kada ƙarin gishirin ya sa wani ya ce babu miyar. Ka kuma lura da abu guda: hayaniyar da aka yi a Faransa ta fi ƙarfi ne bayan mutuwar Bature guda, ba don garuruwan da aka ƙona ba. Da aka rufe binciken a 1902, sai aka ɗora laifin kan cewa zafin ƙasar ne ya taɓa wa kyaftin ɗin hankali, ba a hukunta kowa ba. Wannan bambancin launin fata shi ne abin da Mamani da Hondo suka tashi tonawa, kuma a nan masu yabo da masu suka ba su saɓa ba.

Shawararmu gare ku mutanen Bagudo ita ce, ku tambayi tsofaffinku abin da suka ji daga kakanninsu game da zuwan Turawa Illo da gaɓar Kwara, ku sa yara 'yan makaranta su rubuta. Abin da ba ku rubuta ba, wani ne zai rubuta muku shi da harshensa.

Da fatan ka gamsu. A gai da mutanen Geza, Allah ya ba da kasuwa, ya sa a yi damina lafiya. Masu saurare, sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.